Shanun Kakana da Takardun Abakpa

Tun da na dawo daga Kaduna 'yan fadarmu ta shayi ba su bar ni na huta ba. Wannan yana son ya ji ko an tare mu a hanya, wancan ko na ga inda ake horar da soja, Malam Hamisu kuwa abin da ya dame shi kawai ko na auro. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu kowa ya ɗauki nasa ya je ya ƙara masa gishiri. Jiya har na ji ana cewa wai na karɓo wa danginmu kuɗin gado na ɓoye. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawali, ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan Damagaram. Ni da wasu abokan aiki muna da ɗan abin da muke yi lokacin hutu. Muna bin gidaje muna neman tsofaffin takardu na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Turawa suka riƙa karɓar gero da gyaɗa da shanu da fatu a hannun mutane don ciyar da soja, a ba mutum 'yar takarda a ce za a biya shi in ƙura ta lafa. Wasu an biya su, wasu har suka mutu takardar tana ƙarƙashin matashinsu. Ba ma raba kowa da takardarsa. Hoto muke ɗauka, mu rubuta abin da mai ita ya sani a kanta, mu mayar masa da abinsa. Wannan shi ne dalilin tafiyar da na gaya wa mutane. Akwai na biyu, wanda mahaifiyata ce ta ɗora min shi.

Mahaifinta, Abarshi, falken shanu ne. A cikin yaƙin nan, lokacin da Faransawa da Ingilishi ba sa ga maciji kuma iyaka tana rufe, ya tara shanunsa da na 'yan'uwansa ya bi da su ta daji har Kaduna. Ya damƙa su ga wani Garba mai kwangilar kai nama barikin soja. Garba ya ce gwamnati ba ta saki kuɗi ba tukuna, ya koma gida za a aiko masa. Shiru kake ji. Kakana ya sayar da gonarsa ya sallami 'yan'uwa, ya ƙare rayuwarsa yana yi wa wasu kiwo. Tun ina ƙarami, duk sallar da Inna ta idar sai ta shafa addu'a ta ce, "Allah ya isa tsakaninmu da Garban Kaduna." Mu muna yara mun ɗauka cikin sallar yake.

Ana gobe zan tashi ta kira ni ɗakinta. Ta tsufa ƙwarai yanzu, idon ma sai a hankali.

"Lawali, tunda Allah ya yi za ka garin, ka gano min. In mutumin nan ya ci shanun Baba, in ci gaba da abina har a sa ni a rami. In bai ci ba, kada in mutu da bawan Allah a bakina."

Na ce to, Inna.

"Kuma kada ka kuskura ka gaya musu ko kai wane ne. Mutanen can wayo gare su, suna jin jikansa ne za su shirya maka labari mai daɗi."

Da wannan na kama hanya, cikin damina. Daga gida zuwa Matamaye ba wani abin faɗa, sai akuyar wata mata da ta yi ta tauna igiyar jakata. A bakin iyaka ne aka fara. Ina ɗauke da wani ƙarfe mai ƙafa uku da mai walda ya haɗa mana, wanda muke kafa waya a kai ta kalli takarda daga sama. Wani jami'i ya zaro shi daga jaka ya jujjuya shi, ya leƙa ta cikin bututun, ya kira abokin aikinsa shi ma ya leƙa.

"Malam, wannan na harba mene ne?"

Na yi masa bayani. Ya ce takardun me? Na ce na bashin da ake bin gwamnati.

"Wace gwamnatin?"

"Ta Turawa, Yallaɓai."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa abokinsa, "Ka ji, ya zo karɓar bashi wajen Turawa, kuma ta nan ya biyo." Suka yi dariyarsu mai isarsu suka sake ni. Amma na lura sai da ya ɗauki hoton ƙarfen da wayarsa kafin ya mayar min.

A Daura na ci shinkafa da wake, a Kano na sake mota. Kafin in bar gida kowa ya ja min kunne cewa kada in ci komai daga hannun wanda ban sani ba, wai ana sa wa mutum abu ya farka ba jaka ba takalmi. To sai ga wani dattijo mai fara'a kusa da ni, tun ba mu fita gari ba ya san sunana da aikina da yawan 'ya'yana, ya kuma ɓantaro goro ya miƙo min. Na karɓa na yi godiya na dunƙule shi a hannu. Muna tafe ina satar kallonsa, yana satar kallon hannuna. Har muka wuce Zariya goron na nan ya jiƙe da gumi. Can ya taɓa ni ya ce, "Malam, in ba za ka ci ba ba ni abina, goro ya yi tsada." Na ba shi, ya goge a riga ya jefa a baki. Kunya ta kama ni, amma ban fasa riƙe jakata da kyau ba.

A Rigachikun ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya, abin share gilashin motar kuma ɗaya ne ke aiki, shi ma ba na gefen direba ba. Muka tsaya a ƙarƙashin wata rumfa muka ci masara gasasshiya har aka ɗauke. Da la'asar muka sauka a Kawo.

Mai masaukina Idi ne, ɗan unguwarmu da ya daɗe yana ɗinki a Kinkinau. Ɗaki ɗaya gare shi a bayan shago, ya shimfiɗa min katifa tsakanin keken ɗinki da buhun ƙyallaye. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, kafin in sha ruwa sai da ya kai ni wajen mai unguwa, ya kuma nuna ni ga masu gadin layin, aka dubi katin shaidata gaba da baya. A wajenmu baƙo sai ya ci ya ƙoshi kafin a tambaye shi daga ina. Na faɗa wa Idi haka, ya ce, "Nan garin ya ga abubuwa, Lawali. Ka bari su san fuskarka, don amfaninka ne." Tituna da yawa da ƙofofin ƙarfe a bakinsu, gidaje kuma katangarsu ta fi mutum tsawo.

Shayinsu ma ba irin namu ba ne. Na nemi a ɗora buta a gawayi a zauna a yi na fari da na biyu da na uku, sai aka miƙo min wani ƙaton kofi cike da madara da rabin burodi, mai shayin yana jiran in shanye in ba wani benci. Doya da ƙwai kam na yaba mata. Sakwara da miyar agushi kuwa, da Idi ya matsa sai na ɗanɗana, ita ta sa na san hanyar bayan gidan unguwar fiye da hanyar masallaci. Wutar lantarki kuma, wadda muke jin daga wajensu take zuwa mana, ban ga sun fi mu ganinta ba.

Na yi kwanaki ina zuwa gidan da ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati. Ta fuskar aikinmu na samu fiye da yadda na zata: koke-koken manoma da fatake, wasu da ajami, wasu an buga musu da tafireta sun dangwala yatsa a ƙasa, duk maganar ɗaya ce, an karɓi kayanmu don soja, har yau ba mu ji komai ba. A cikin wani koke na masu kai nama bariki na ga sunan Garba, an rubuta yana zaune a Abakpa. Na sake karanta sunan. Ashe dai mutum ne mai yatsa, ni da na tashi ina jin sunansa kamar na wani aljani.

Washegari na nufi Abakpa wajen mahauta, don na san in dai maganar nama ce su za su sani. Na yi sallama, aka amsa da fara'a, har wani ya fara wasa wuƙa yana tambayata na nawa za a yanka. Ina ambaton tsofaffin takardu da bashin gwamnati sai fuskoki suka canza.

"Garba? Wane Garban? Garin nan kowane layi da Garbansa."

Wani ya ce in bi ta bayan masallaci in tambayi mai wanki. Mai wanki ya tura ni wajen mai faci. Mai faci ya ce ai gidan ya tashi tuntuni sun koma Zariya. Na yi ta zagaye cikin taɓo har na sake ɓullowa gaban mahautan nan, suka ga ni suka ɗauke kai. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata lalle Inna ta san abin da take faɗa, unguwa guda ta haɗa baki tana rufa wa ɓarawo asiri.

Da na koma na zayyana wa Idi, sai ya ajiye almakashi ya yi ta dariya. Ya ce shekarun baya wasu mutane masu manyan riguna sun zo unguwannin nan da jakunkuna, suka ce an buɗe biyan haƙƙin tsofaffin soja da 'yan kwangilar zamanin yaƙi, kowa ya kawo takardunsa da kuɗin tantancewa. Suka kwashe duka suka ɓace. Tun daga nan duk wanda ya zo da jaka yana tambayar tsohuwar takarda, ɗan damfara ne har sai ya nuna ba haka ba. Ya ce, "Ka gode Allah da suka tura ka wajen mai faci, ba su tara maka jama'a ba." Sannan ya ce ai gidan Garba mai nama sananne ne, jikansa Alhaji Nasiru shi yake yi wa ɗinkin Sallah. Ko Idi ban gaya masa maganar kakana ba.

Alhaji Nasiru tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, siriri, da tabarau a kan hanci. Ya karɓe mu a zaure bai ce mu shiga ciki ba. Na ba shi takardar gabatarwa daga makarantarmu, ya ga da Faransanci take, ya juya bayanta ko zai ga fassara, ya miƙo min da yatsu biyu.

"Wannan ko cewa ta yi a kama ni, ban sani ba. Wa ya turo ka? Wa zai ga hotunan? In wani ya ɗauki hoton ya je ya nemi a biya shi da sunanmu fa?"

Na amsa iyakar iyawata. Bai gamsu ba sai da Idi ya ce, "Alhaji, in takarda ɗaya ta yi ƙafa, shagona da kekunana suna nan." Sannan ya gindaya sharuɗɗa. A zaure za a yi, da safe, yana zaune. Shi zai fito da takarda da hannunsa, in ɗauka, ya mayar, sannan ya fito da wata. Kafin mu tashi ya ce in tsaya jikin bango, ya ɗauke ni hoto riƙe da katina a ƙirji kamar wanda aka kama da kayan sata.

Haka muka yi ta yi. Yana fito da su daga wani tsohon akwatin ƙarfe mai warin kafur: rasiɗai masu hatimi, kofen wasiƙun da Garba ya sa aka rubuta masa zuwa ga hukuma, wasu da ajami na hannunsa, amsoshi gajeru masu cewa ana duba maganar. Alhaji Nasiru yana kallon hannuna, ni ina kallon gidan. Babban gida ne na da, mai faɗin tsakar gida da ɗakuna a jere. Duk sanda na ɗaga kai na ga kwanon rufin sai in ga shanun kakana. Takardun sun nuna Garba ya yi ta kai kuka, wannan gaskiya ne. Amma babu wadda ta ce an biya shi, babu wadda ta ce ba a biya ba, kawai sun tsaya ne a wani wuri. Na ce a raina ai wanda aka biya ma daina rubutu yake yi, kuma ba zai ajiye shaidar ranar da ya karɓa ba. Aikin makaranta yana kyau, aiken Inna kuwa ko taki ɗaya bai yi ba.

Ranar Juma'a da hantsi ina durƙushe gaban ƙarfena sai ƙamshin masa ya cika zauren, su waina suke ce mata. Yaran unguwa suka fara shigowa suna ratsa mu suna wucewa ciki, Alhaji Nasiru yana daka musu tsawa kada su taka takarda. Ya ce min sadakar Juma'a ce ta Goggonsa, Hajiya Yalwa, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Garba. Ban ɗauki abin da wani muhimmanci ba, mu ma ana yi a wasu gidajen. Ina gyara wata takarda sai na ji muryar tsohuwa daga tsakar gida, a sarari:

"Ba wanda zai ci sai ya faɗa. Ku ce Allah ya ji ƙan Abarshi na Damagaram."

Yaran suka haɗa baki suka faɗa, da irin muryar wanda ya saba, suna sauri don a miƙo musu.

Hannuna ya bugi ƙarfen, waya ta faɗo kan tabarma. Alhaji Nasiru ya ce lafiya? Na manta da gargaɗin Inna, na manta da komai, na ji bakina yana cewa, "Alhaji, kakana ne. Abarshi kakana ne, shi ya haifi mahaifiyata."

Ya rufe akwatin nan garam, ya zauna a kai.

"Na faɗa! Wallahi na faɗa! Goggo, kin ji ko? Kwana da kwanaki yana nan bai ce uffan ba, yanzu ya ji suna a bakin yara ya zama jika. Malam, goge hotunan nan a gabana, ko in kira masu gadi."

Ni ma zuciya ta ɗebe ni na ce in da kuɗi na zo nema ai da ban kwana kan buhun ƙyallaye ba. Muna cikin haka muryar nan ta sake fitowa: "Nasiru, shigo min da shi. Ni na wuce a ɓoye ni."

Tana zaune kan 'yar kujera kusa da murhu, ƙaramar tsohuwa, wata jikarta tana juya waina a tanda, ita kuma tana rabawa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta daɗe tana dubana, ta tambayi sunan mahaifiyata da unguwarmu, na faɗa. Ta ce ita duk ba ta san su ba, don haka faɗar ba ta ƙara komai ba.

"Ɗan nan, bari in gaya maka abin da na sani, ka ɗauka ko ka bari. Gwamnati ba ta biya Baba ba. Yana da wani gida a can gaba da wannan, ya sayar ya sallami masu shanun da ke kusa. Saura mutum ɗaya, na ƙasar Faransa. Bayan yaƙi ya tashi ƙaninsa takanas ya tafi Damagaram da abin da ya samu a ɗaure a ƙugu. Ya yi ta tambaya, duk wanda ya tara sai ya ce bai taɓa jin mai wannan suna ba. Ya dawo da abinsa. Aka sake tura shi, haka. Daga baya ciwo ya kwantar da Baba, abin ya tafi a magani. Da zai rasu ya ce a riƙa yi wa mutumin sadaka duk Juma'a da sunansa, har ranar da Allah zai kawo wani nasa ya yafe. Uwata ta yi har ta mutu, ni na karɓa."

Ina sauraro, amma wani gefe na zuciyata yana cewa ga labarin mai daɗin da aka ce za a shirya maka. Ba ita nake zargi ba. Na ga dai mutum zai iya cin dukiyar wani, tsoron kabari ya kama shi, ya bar wa 'ya'yansa labarin ƙanin da aka tura. Wa ya ga ƙanin? A Damagaram wa zai ce bai san Abarshi mai shanu ba?

Kamar ta ji abin da nake saƙawa. Ta ce, "Ka ga ba ka yarda da ni ba, Nasiru bai yarda da kai ba, to mun yi daidai. Ba ni da abin ba ka, gidan nan na marayu ne da yawa. In jikansa ne kai, ka ce ka yafe, in samu in kwanta da sauƙi. In maƙaryaci ne kai, faɗarka ba ta sauke komai ba, Allah ya sani. Ranar da na tabbata an yafe, ranar zan kife tandar nan. Na gaji, ɗan nan. Shinkafa ta yi tsada, kuma ban ga wanda zai karɓa bayana ba."

Na ce, "Hajiya, ba ni da wannan ikon. 'Yarsa tana raye."

Ta ajiye wainar da ke hannunta. "Tana raye? Tana da hankalinta?"

Na ce ƙwarai. Ban gaya mata abin da Inna take faɗa bayan kowace salla ba, ban ga amfanin hakan ba. Ta sa aka ƙunsa min waina, ta ce Nasiru ya ba ni lambar wayarsa, ya kuma bar ni in ƙarasa hotunana. Ya bi umarninta yana huci. Da zai raka ni bakin ƙofa ya ce, "Duk ranar da ka kira ka ce a turo kuɗin mota za ka kawo tsohuwa, ka sani na san shagon Idi." Na ce ni ma na san gidanku. Muka yi musabaha kowa yana kallon gefe.

Dawowa ba ta yi wuya ba, sai dai wainar ba ta kai Daura ba ta fara tsami, na raba wa 'yan mota, su ma sai da suka ga na ci tukuna. Jami'in bakin iyaka ya gane ni ya ce, "Turawan sun biya?" Na ce suna duba maganar.

Na iso gida da rana, na tarar da Inna a inuwar ɗakinta tana tsince wake. Ba ta bari na cire takalmi ba ta ce, "Ya ci ko bai ci ba?" Na ce takardu ba su faɗa ba. Na ba ta labarin tun daga mahauta har zuwa yaran da ke kiran sunan mahaifinta, tana ji tana taɓe baki. Na zo kan maganar ƙanin da aka ce an tura, na ƙara da cewa ni dai wannan ban gaskata ba, don ba yadda za a yi a nemi kakana a garin nan a rasa.

Sai na ga hannunta ya tsaya a cikin faifan.

"Daga ƙasar Ingilishi ya zo? Yana tambaya a kasuwar shanu?"

Na ce haka aka ce.

Sannan ta ce, a hankali, lokacin tana 'yar ƙarama an yi wani baƙo da ya riƙa bin mutane yana neman Abarshi wanda ya kai shanu Kaduna. A lokacin Faransawa suna ɗaure duk wanda aka samu ya tsallaka da dabbobi cikin yaƙi. Kowa ya ce ɗan leƙen asirinsu ne aka sa ya yi shigar baƙo. Unguwa ta haɗa baki aka ce ba a san shi ba, Baba ya yi kwanaki a cikin rumbun maƙwabta ana miƙa masa fura ta sama. Da baƙon ya sake dawowa wata shekara, aka sake yin haka. Ta ce har ta girma ana ba da labarin a gidansu ana dariya, ana yabon unguwa da riƙon asiri.

Ban taɓa ganin Inna tana kuka ba sai ranar. Ba ta yi sauti ba, hawaye ne kawai yana sauka cikin waken. Ni kuma tausayinta da na tsohuwar can ya kama ni. Da ta natsu ta share fuska da gefen zane ta ce, "Na yafe wa Garba duniya da lahira. Shi ma Allah ya sa ya yafe min bakina."

Na zaro waya ina neman lambar Alhaji Nasiru, don na san akwai mai jira. Ta kama hannuna.

"Yau wace rana?"

"Lahadi, Inna."

"Ka ce ranar da ta ji an yafe za ta kife tandar?"

"Haka ta ce. Ta gaji."

"Ni da ya haifa, shekara da shekaru bakina yana kan Garba, ban taɓa tara yara na ce su yi wa Baba addu'a ba." Ta tura wayar ta mayar min da ita cikin aljihu. "Bari Juma'ar nan ta wuce tukuna, ya samu ta ƙarshe a can. Ka kira ta ran Asabar. Kuma ka tambayo min yadda take haɗa ƙullun wainarta."